Juma'ar da Za Ta Yi Kyau: Yadda Ake Gane Gidauniyar da Za Ta Kai Gaci

 

'Yan'uwa masallata da ɗalibanmu na islamiyya, tun da jama'a suka fara komowa Wad Madani da ƙauyukan Jazira bayan watan Janairun 2025, da wuya mako ya wuce ba a yi shelar neman gudummawa ba. Yau rufin masallaci ne, gobe sola ce ta famfon rijiya, jibi ɗakin almajirai ne a halwa, gata kuma mara lafiya ne da ake wa wankin ƙoda. Wata shelar a bakin masallaci ake yin ta bayan sallar Juma'a, wata kuma sai dai ka gan ta a WhatsApp da lambar asusun Bankak a ƙasanta. Wasu daga cikin waɗannan gidauniyoyi kafin kwana goma sun cika. Wasu kuwa sai su tsaya a tsaka-tsaki: katanga ta kai ƙugu, siminti ya ƙare, damina ta zo ta jiƙa bulo, kwamiti ya daina haɗuwa. Kuɗin mutane ya maƙale, kuma duk wanda ya zo neman taimako bayan wannan sai ya tarar hannaye sun yi sanyi.

Shin ana iya gane gidauniyar da za ta kai gaci tun kafin a buɗe ta, ko a kwanakinta na farko? Ana iyawa, gwargwado. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A nan za mu bi alamomin ɗaya bayan ɗaya, domin mai shirin nema ya auna kansa kafin ya ɗauki lasifika, mai bayarwa kuma ya san inda yake zuba gumin goshinsa.

Shin wannan ba shiga gaibu ba ne?

Wani ɗalibi zai iya cewa: "Malam, ai zukata a hannun Allah suke, arziki ma nasa ne. Wane ne zai ce wannan za ta cika, waccan ba za ta cika ba?" Gaskiya ne, gobe ta Allah ce. Amma akwai bambanci tsakanin duba da kirdado. Mai duba yana da'awar sanin abin da aka ɓoye wa bayi. Mai kirdado kuwa abin da ke gabansa yake kallo ya auna. Manomin Jazira da ya ga ruwa bai iso ƙaramar tur'a ba a lokacin shukar alkama, in ya ce bana amfani zai yi ƙasa, bai shiga gaibu ba. Masuncin Bahar Azraƙ da ya dubi launin ruwa ya ce yau ba ranar jefa koma ba ce, shi ma haka. Wannan duk riƙo da sababi ne, irin wanda aka umarce mu da shi tare da tawakkali. Don haka duk abin da za mu faɗa a nan rinjayen zato ne, kuma "in Allah Ya so" tana kan kowace jimla ko ba mu rubuta ta ba.

Abin da aka gano da aka ƙirga

Karo-karo ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu sun zo ƙasar nan da gayya da adashi, suka tarar da nafir da sanduƙ. A wannan gari namu na Madani ne Ahmad Khair ya kawo shawarar da ta haifi Ƙungiyar Masu Ilimin Boko, wato Mu'utamarul Khirrijin, wadda aka kafa a Omdurman a 1938, kuma a shekarun 1940 ta riƙa tara kuɗi daga hannun jama'a ana gina makarantun ahliyya. Abin da intanet ta ƙara shi ne rubutu: kowane kwabo da sa'ar da ya shiga a rubuce suke, don haka masu bincike suka samu abin ƙirgawa.

Akwai wani dandali a Amurka mai suna Kickstarter, an buɗe shi a 2009. Mutum yakan sa aikinsa, ya faɗi kuɗin da yake nema, ya yanka wa'adi. In kuɗin ya cika a ba shi, in bai cika ba kowa kuɗinsa yana aljihunsa. A 2014 wani malamin Jami'ar Pennsylvania mai suna Ethan Mollick ya fitar da bincike a kan ayyuka kusan 48,500 na wannan dandali. Ya gano cewa waɗanda suka faɗi, faɗuwa mai nisa suke yi: a tsaka-tsakin lissafi ba su wuce kashi 10 cikin 100 na abin da suka nema ba, kuma 3 kawai cikin 100 daga cikinsu suka kai rabin hanya. Waɗanda suka ci nasara kuwa, yawanci da ƙyar suke haye layin. Wato gidauniya ba kasafai take mutuwa a bakin gaɓa ba. In za ta mutu, tun da wuri take mutuwa.

Shi ya sa kwanakin farko suke da magana. A 2013 wasu masu bincike a Lausanne ta ƙasar Suwizalan sun koya wa kwamfuta bin shigar kuɗi a ayyuka wajen 16,000, suka tarar cewa awa 4 kacal bayan buɗewa tana iya faɗin makomar aikin daidai sau 76 cikin 100. Alƙaluman da dandalin da kansa yake wallafawa sun nuna cewa ayyukan da suka haura kashi 20 na abin da suke nema, kusan 8 cikin 10 suna ƙarasawa.

To, mu lura. Mutanen can wani abu suke jira a aiko musu in aikin ya yiwu, mu kuwa lada muke nema. Sa'annan a can in ba a cika ba ba a karɓi kuɗin kowa ba, a nan kuwa an riga an karɓa, wataƙila ma an kashe. Saboda haka alƙaluman can ba za su hau kanmu daidai wa daida ba, kuma tsayawar gidauniya a wurinmu ta fi ciwo. Amma halin ɗan Adam wajen buɗe hannu kusan ɗaya ne, kuma alamomin da suka ƙirga irin waɗanda dattawanmu suka daɗe da sani ne.

Alama ta farko: buƙata daidai da mutanenku

Mollick ya ga cewa duk lokacin da kuɗin da ake nema ya ƙaru, damar cikawa tana raguwa. Ya kuma ga cewa yawan mutanen da mai neman ya sani yana da tasiri ƙwarai. A ɓangaren masu shirya fim, mai abokai 10 a Facebook damarsa kashi 9 ce cikin 100, mai 100 kashi 20, mai 1,000 kashi 40. Wasu masu binciken da suka bi wani dandali na mawaƙa sun ga cewa kuɗin farko daga dangi da abokai yake fitowa, na nesa kuwa sai sun ga abu ya taru sa'annan su shigo. Ke nan wanda ya sa shela a intanet yana jiran wani attajiri da bai san shi ba daga Jidda ko Doha, alhali maƙwabtansa ba su sa komai ba, ya gina bege a kan yashi.

Ga yadda kwamiti zai auna kansa. A ce unguwa tana da gida 200. Kada a ninka kuɗi sau 200. A ɗauko littafin gidauniyar da ta wuce a ga gida nawa ne suka bayar da gaske. A ce 80 ne. A duba abin da akasarinsu suka bayar, a mai da shi buhun siminti ko buhun dawa na wancan lokaci, tunda jine ba ya zama wuri ɗaya. A ce kowane gida ya ba da kimanin rabin buhun siminti: buhu 40 ke nan. A ƙara 'ya'yan unguwa da ke aiki a Saudiyya ko Misra ko Burtsudan, waɗanda aka yi magana da su baki da baki suka amsa, ba waɗanda ake zato ba. A ce su goma ne, buhu 30. Jimla 70. In aikin buhu 80 yake nema, bismillah. In kuwa 300 yake nema, to lissafi ya riga ya ba da amsa.

Wannan ba ya nufin a fasa aikin. A yanka shi gida-gida, kowane yanki ya zama abin da zai yi amfani ko da an tsaya a nan. A fara da banɗaki da wurin alwala, a gama, a buɗe. Sa'annan rufin sahun gaba. Sa'annan na baya. Aikin da aka gama shi ne yake roƙa wa na gaba kuɗi. Kuma a faɗi buƙata da suna da adadi: allon sola guda kaza, batir kaza, kuɗin mai haɗawa kaza. "Ku taimaka wa masallaci" ba ta motsa hannu kamar "saura fallen kwano 24 a rufe sahun mata kafin damina".

Alama ta biyu: wa ya fara sakawa?

Imamu Muslim ya ruwaito daga Jarir ɗan Abdullahi labarin wasu mutane, akasarinsu 'yan ƙabilar Mudar, da suka iso Madina cikin tsananin talauci, ba takalmi, ba suturar kirki. Fuskar Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ta canza saboda halin da ya gan su. Aka yi kiran salla, aka yi salla, ya yi huɗuba ya kwaɗaitar da kowa ya kawo abin da ya samu, kuɗi ko tufa ko hatsi ko dabino, komai ƙanƙantarsa. Sai wani Ba'ansare ya zo da ƙunshin kuɗi da hannunsa ya kasa ɗauka. Daga nan mutane suka biyo baya har aka tara tsibi biyu na abinci da tufafi, fuskar Manzo ta yi haske. A nan ne ya yi bayanin ladan wanda ya fara kyakkyawan abu aka yi koyi da shi.

Ku dubi abin da ke cikin wannan ƙissa. Mabukata suna nan ana ganinsu da ido. Mai kiran amintacce ne. An buɗe ƙofa ga mai kaɗan. Sa'annan mutum ɗaya ya fara da abu mai nauyi a gaban jama'a, sai sauran suka biyo.

Masana tattalin arziki sun gwada wannan na ƙarshen. John List da David Lucking-Reiley sun aika wasiƙu ga mutum 3,000 a jihar Florida ta Amurka suna neman gudummawar sayen kwamfutoci ga wata cibiya ta jami'a. An gaya wa wasu cewa an riga an samu kashi 10 na kuɗin, wasu kashi 33, wasu kashi 67. Sakamakon da suka fitar a 2002 ya nuna cewa waɗanda aka ce wa an samu kashi 67 sun ba da kusan ninki shida na abin da 'yan kashi 10 suka bayar. Dalili a fili yake. Mutum in ya ga waɗanda suka fi shi sanin aikin sun sa nasu, sai hankalinsa ya kwanta cewa abin gaske ne, kuma nasa ba zai tafi a banza ba.

Saboda haka gidauniyar da aka buɗe da sifiri tana cikin haɗari tun ranar farko. Kafin shela, kwamiti ya fara da kansa, sa'annan ya bi 'yan kasuwa da masu hawasha da dattawa a gidajensu, har a haɗa kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin uku a hannu. A hannu muka ce, ba a baki ba, don alkawari ba ya sayen siminti. In an yi mako biyu ana wannan zagaye a asirce ba a haɗa ko kashi ɗaya cikin goma ba, to an ga Larabar. Gara a zauna a sake tunani da a fita a ji kunya da kuɗin mutane.

Wani zai ce bayyana abin da aka bayar ai riya ce. Alƙur'ani a Suratul Baƙara ya yaba bayyana sadaka, ya kuma nuna ɓoye ta ga matalauta ya fi. Hanya mai sauƙi ita ce a faɗi jimla a ɓoye suna. A ce "an samu buhu 25 daga bayin Allah bakwai". Jama'a sun samu ƙarfin gwiwa, mai bayarwa ya tsira da niyyarsa. Amma haramun ne a faɗi abin da babu don a zaburar da mutane. Ƙarya ba ta zama harsashin ɗakin Allah.

Alama ta uku: amana da lissafi

A binciken Mollick, ayyukan da suka sa bidiyo, da waɗanda suka riƙa ba da labarin ci gaba tun kwanakin farko, sun fi samun nasara. Kuskuren rubutu a cikin shelar kuwa yana rage damar da kimanin kashi 13 cikin 100. Ba rubutun ne abin dubawa ba. Mai karatu yana cewa a ransa: wanda bai kula da layi biyar ba, yaya zai kula da kuɗina?

Muna da misali a ƙasar nan. Matasan Shari'ul Hawadis sun fara a Khartoum a 2012, a titin da ke gefen asibitin yara na Ja'afar Ibn Auf. Sukan rubuta a Facebook irin maganin da wani yaro yake buƙata da kuɗinsa da lambar wanda yake kan aiki, mutane su turo, a saya, a dawo a ce an saya. Ƙananan buƙatu ne, kowace da sunanta, kowace da rahotonta. Da haka amana ta taru har a 2015 suka buɗe ɗakin kula da yara masu matsanancin ciwo a wani asibitin yara a Omdurman da kuɗin jama'a, kuma wata mata mai sayar da shayi a titin suka ba almakashin buɗewa. Ba su fara da ɗakin ba. Sun fara da kwalbar magani, suka cika alkawari sau dubbai.

To, ga tambayoyin da mai bayarwa zai yi, kuma kwamitin kirki ya amsa su tun ba a tambaya ba. Su wane ne masu karɓa, an san su a sahu? Asusun na mutum ɗaya ne shi kaɗai yake ganin abin da ya shiga, ko akwai mutum biyu ko uku masu dubawa? Mai riƙe kuɗi daban yake da mai rubutu? Ina rahoton gidauniyar da suka yi a baya? Za a liƙa lissafi a allon masallaci kowace Juma'a? Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, don haka neman rasit ba rashin yarda ba ne, kariya ce ga mai gaskiya tun kafin harsuna su taso masa.

Tambaya mafi nauyi ita ce: in kuɗin bai cika ba, me za a yi da abin da aka tara? A gwajin Florida, alkawarin mayar da kuɗi in ba a kai ba ya ƙara gudummawa da kimanin kashi 20 cikin 100. A fiƙihu kuma 'yan kwamiti wakilai ne. Abin da aka ba su don rijiya ba su da ikon juya shi zuwa fentin masallaci sai da izinin masu shi. Don haka a faɗa tun ranar shela: in ba mu kai ba zuwa rana kaza, za a mayar, ko za a sa a abu kaza. A kuma raba zakka da sadaka, domin mazhabobin nan huɗu ba su sa ginin masallaci cikin wuraren da ake kai zakka ba.

Alama ta huɗu: lokaci da hanyar kuɗi

Mutane suna zaton tsawaita wa'adi yana ƙara kuɗi. Ƙirga ta nuna akasin haka. Mollick ya ga cewa aikin kwana 30 damarsa ta kai kashi 35, na kwana 60 kuwa kashi 29. Kickstarter ma a 2011 ya rage iyakar wa'adi daga kwana 90 zuwa 60. Gudummawa takan yi yawa a farko, ta yi barci a tsakiya, ta farka in wa'adi ya ƙarato. Gidauniyar da ba ta da ranar rufewa ba ta da wannan farkawar, kowa sai ya ce "zan bayar, ai akwai lokaci". A wurinmu akwai ƙarin dalili: darajar jine tana zubewa. Kuɗin da ya kwana wata uku a asusu ba zai sayi abin da zai saya ranar da aka bayar da shi ba. Abin da ya shigo a mai da shi kaya nan take, a ajiye a wurin amintacce, a rubuta.

Sai kuma a dubi kalandar gona. Daga Yuli zuwa Satumba rumbu ya yi ƙasa, kuɗi ya tafi shuka da noma, wasu ma suna cikin bashin shail. Shela a wannan lokaci matsa wa mutane ne. Bayan an cire gyaɗa da dawa a ƙarshen shekara, ko bayan girbin alkama wajen watan Maris, hannu ya fi sakewa, kuma a karɓi hatsi daga wanda ba shi da tsabar kuɗi. Ramadan lokacin kyauta ne, amma kowa a nan yake kawo tasa shelar. In masallatai uku na unguwa ɗaya suka buɗe gidauniya a dare ɗaya, aljihu ɗaya suke rabawa. Limamai su zauna su jera, wannan ya gama wancan ya fara.

Hanyar da kuɗin zai bi ita ma alama ce. Takaya, wato ɗakunan girkin jama'a da suka ciyar da mutane tun ɓarkewar yaƙi a 15 ga Afrilun 2023, yawancinsu da kuɗin da 'yan'uwa na waje suke turowa ta Bankak suke tafiya. Da aka yanke layukan waya da intanet a Fabrairun 2024, tukwane da yawa sun sauka daga wuta, alhali masu bayarwa suna nan da niyyarsu. A farkon 2025 kuma, da Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙasashen waje, masu gudanar da ɗakunan agajin gaggawa sun ce fiye da takaya 1,000 sun rufe. Darasin guda ne: duk aikin da ya rataya a kan hanya ɗaya ko mai bayarwa ɗaya, ranar da igiyar ta tsinke ya faɗi. Gidauniya mai ƙwari tana da asusun banki, tana da akwati a masallaci, tana da mai zagayawa gida-gida saboda tsofaffi da mata waɗanda ba su da manhaja a waya, kuma ƙananan hannaye masu yawa ne ginshiƙinta.

Wanda ba shi da kowa fa?

A nan akwai abin da ya kamata ya taɓa zuciyarmu. Duk waɗannan alamomi suna nuna wanda zai samu ne, ba su nuna wanda ya fi cancanta. A 2022 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Washington, Nora Kenworthy da Mark Igra, sun fitar da nazari a kan shelar neman kuɗin magani sama da 437,000 da aka yi a dandalin GoFundMe tsakanin 2016 da 2020. Kashi 12 cikin 100 ne kawai suka cika, kashi 16 kuwa ba su samu ko sisi ba. Kuma yankunan da suka fi talauci, inda buƙata ta fi tsanani, su ne suka fi samun kaɗan.

Ba sai an je Amurka ba. Ɗan babban gida mai 'yan'uwa a Riyad, in ya kwanta ciwo, kafin la'asar an haɗa. Bazawarar da ke zaune a kambo bayan tur'a, wadda ba ta da waya mai intanet, ba ta iya tsara shela da Larabci, ba ta da ɗa a waje, duk ƙirgar da muka kawo tana cewa tata ba za ta cika ba. To, sanin haka hujja ce a kanmu. In mun gane cewa mutane da amana su ne jarin gidauniya, sai masallaci ya ara wa marar mutane mutanensa. Kwamiti ya je ya gani da idonsa, ya karɓi takardar likita, ya yi shelar da sunan masallaci ba tare da tona asirin mai ita ba, ya sa kuɗin farko daga asusunsa. Shi ya sa ake son kowane masallaci ya riƙe ɗan asusu na dindindin da ake zuba wa kaɗan-kaɗan kowane wata, domin ciwo ba ya jiran kaka. Ash'arawa, waɗanda Annabi ya yaba musu, in abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage wuri ɗaya su raba daidai, ba sa tambayar wa ya fi sanin mutane.

Kafin a ɗauki lasifika

Muna roƙon duk kwamitin da ke shirin buɗe gidauniya a masallatanmu da makarantunmu ya zauna da takarda ya amsa waɗannan: Mene ne ainihin abin da za a saya, kuma nawa ne yau a kasuwa? Gida nawa suka bayar a baya, kuma me suka bayar? Nawa ke hannu kafin shela? Wa ke riƙe kuɗi, wa ke rubutu, wa ke dubawa? Yaushe za a rufe, kuma me za a yi in ba a kai ba? In an buɗe kuma, a tsaya bayan mako guda a duba. In an haura kashi ɗaya cikin biyar, a ƙara himma da rahoto. In ba a kai ko kusa ba, kada a ci gaba da maimaita shela ɗaya har mutane su gaji da jin ta. A rage aikin, ko a ɗage zuwa bayan girbi, a gaya wa jama'a gaskiya.

Ɗalibanmu kuma, wannan aiki naku ne. Ku kuka iya lissafi da waya. Ku riƙe wa dattawa littafi, ku ɗauki hoton rasit, ku rubuta jimlar mako a allo da Hausa da Larabci. Hidima ce ga ɗakin Allah, kuma koyon riƙon amana ne tun kuna ƙanana.

Allah Ya sa albarka a abin da muka bayar, Ya mayar wa waɗanda suka rasa dukiyarsu da mafi alheri, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.